Sodangi da Littafin 'Yan Bari

Duk wanda ya taɓa zama a Kambon Garba, ɗan ƙauyen nan na Hausawa da ke bakin tur'a, wato babbar hanyar ruwan gonakin auduga, yamma da garin Hasahisa, can gabas a ƙasar Larabawa, ya san Sodangi mai warware takarda. Ba sana'arsa ba ce. Sana'arsa ban ruwa a hawashar wani Balarabe, gonar da ya yi wa aiki tun yana saurayi har furfura ta fito masa. Amma in ya ga mai gyaɗa ta naɗe wa mutum gyaɗa a takarda, sai ya tsaya ya roƙa a juye masa gyaɗar a hannu, ya warware takardar ya duba gaba da baya, ya mayar. Baƙi kan ɗauka taɓin hankali ne. Mutanen gari sun san abin da yake nema, shi ya sa ba su cika yi masa dariya a gabansa ba.

Ubansa Yakubu ya taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa da niyyar hajji, ya tsaya tsinkar auduga ta shekara ɗaya don ya samu guzuri. Shekara ɗayan ce ta yi ta miƙewa har ta kai shi kabari a bayan kambo, wato zangon 'yan ƙwadagon, bai ko ga teku ba. Ya bar matarsa Iya da 'ya'ya maza biyu, Sodangi da ƙanensa Maliki. Ba ka cewa ciki ɗaya suka fito. Maliki dogo ne, ga fara'a, ga murya wadda in ya kira ka daga wancan gefen tur'a sai jakuna su ɗaga kai. Sodangi kuwa gajere ne, mai nauyin baki, ga kunnen ƙashi. Iya kan ce in ka ce masa sauka, to ka taimaka masa hawa ne.

Ƙwallo ta shigo kambon wajen 1955. Larabawa kura suke ce mata, har wata tsohuwa ta fito da muciya ranar da aka gaya mata jikanta ya tafi wasa da kura. Samari suka share wani fili a bayan rumbunan dawa, suka kafa ƙungiya, suka raɗa mata wani dogon suna na Larabci wanda ko su ba su riƙe ba. Maliki ne gola. Sodangi yana baya, shi ne na ƙarshe kafin a kai ga ƙanensa.

Maliki yana da wata ɗabi'a. Duk lokacin da ƙwallo ta taso sama ta nufo gida, sai ya fito da gudu yana kwarara wa 'yan bayansa ihu: bari! Wato ku bar mini, tawa ce. Ranar da suka fara wasa a Hasahisa, 'yan kallo Larabawa ba su san me yake faɗa ba, amma kalmar ta yi musu daɗi a baki. Kafin a tashi, duk filin ya ɗauka, da ƙwallo ta tashi sai ka ji bari, bari. Sati na gaba da motar da ta ɗauko su ta tsaya, yara suka bi ta suna cewa Aulad Bari sun zo. A gida aka mayar da shi 'Yan Bari. Haka sunan ya samu, babu wani taro, babu wata shawara, daga maƙogwaron Maliki ya fito.

A 1958 aka shirya gasar ƙauyuka, kwamitin gasar ya ce duk ɗan wasa sai ya nuna jinsiya, takardar zama ɗan ƙasa. A Kambon Garba kuwa, mutum huɗu ne cikin sha ɗaya ke da ita. Sauran a nan aka haife su, a nan aka binne cibiyarsu, amma a idon takarda baƙi ne. Sodangi ne ya samo dabara, kuma ya daɗe yana alfahari da ita. Ya shiga ƙauyen Larabawa na kusa ya aro sunayen samari bakwai masu jinsiya waɗanda ba ruwansu da ƙwallo. Maliki ya samu sunan Abdussalami wad Hamad, ɗan mai hawashar da suke wa aiki, wani siririn yaro mai tari wanda ko tsallake kwata bai iya ba.

Maliki bai so ba. Ya juya takardar a hannu ya ce, “To Yaya, in na kama, wa ya kama?”

Sodangi ya ce masa suna a takarda ne kawai, kowa ya san fuskarsa, kowa ya san muryarsa, ya daina neman magana. Maliki ya yi dariya ya sa takardar a aljihu.

Wasansu na huɗu a gabashin kogi aka yi, a wani ƙauye gaba da Rufa'a. Kafin a fara, wani mutum mai tabarau ya zo daga Madani da akwatin ɗaukar hoto a kan ƙafa uku, ya jera su sahu biyu, ya ce yana haɗa ɗan littafi ne na ƙungiyoyin ƙauye. Wannan shi ne karo na farko da aka ɗauki Maliki hoto, kuma ba a sake ba.

Duk mai shiga ruwan tur'a yana da tsargiya, Maliki ma yana da ita, saifarsa ta kumbura har sai ya ɗaure ciki da tsohon rawani kafin ya shiga fili. Sodangi ya sani, don shi ke taya shi ɗaurawa. Ana cikin zagaye na biyu ƙwallo ta taso sama. Maliki ya fito, ya ce bari. Sodangi ya ji. Bai taɓa musun cewa ya ji ba. Amma ya ga kamar zai riga shi, kuma rannan filin cike yake, yana son a ga shi ma ya iya. Ya yi tsalle, gwiwarsa ta samu ƙanensa a haƙarƙarin hagu.

Maliki ya tashi da ƙwallon a hannu, ya buga ta gaba, ya tsaya ɗan lokaci, sai ya zauna a ƙasa kamar wanda ya gaji. Da suka ga leɓensa ya yi fari, suka ɗauke shi a kan ƙofar wani gida da aka ciro, suka nufi bakin kogi don a tsallake da shi asibiti. Bantun, jirgin fiton da ke tsallakar da mutane da motoci, yana can ɗaya gefen ana loda masa buhuna. Suna kallonsa, suna ɗaga riguna, suna kira. Kafin ya iso, kafin a kira magariba, Maliki ya cika a kan yashi, kansa a cinyar yayansa.

Ba wanda ya ce wa Sodangi uffan. Aka ce ƙaddara ce, aka ce kwanansa ne ya ƙare. Iya ma ba ta ce komai ba, sai dai ta daina cewa yana da kunnen ƙashi, kuma wannan ya fi masa ciwo da zagi. Da sun kama shi sun yi masa dukan tsiya, da ya fi samun sauƙi. Wata biyu bayan haka matar Maliki, Rabi'atu, ta haifi 'ya mace aka sa mata Sakina. Da aka yaye ta, uwar ta yi aure a Kamlin, yarinyar ta zauna wurin Iya da Sodangi. Shi ya sa ta makaranta, shi ya ɗinka mata kayan sallah kowace shekara. Ƙwallo kuwa bai ƙara taɓa ta ba, ko ta gangaro gabansa a hanya sai ya kauce.

Shekara goma sha biyu suka wuce. 'Yan wasan farko suka watse, wasu Gadarif, wasu kabari. Yaran da suka taso Larabci ya fi zama a bakinsu, Hausa sai in za su yi magana da kaka. Ƙungiya ta samu sakatare, wani malamin makaranta ɗan kambon mai suna Ustaz Alhasan, mutumin kirki ne, amma irin mutanen nan da ke ganin duk abin da ba a rubuta ba hira ce. Ya tara mutane ya ce za a yi wa ƙungiya allo da ɗan tarihi, kuma ya bincika ya gano asalin sunan. Ya ce bari kalmar Larabci ce, ma'anarta marar laifi, an sa musu ita ne don tsabtar wasansu. Samari suka tafa. Sunan ya yi musu kyau haka, ba ya warin kambo.

Sodangi, wanda bai taɓa magana a taro ba, ya miƙe tsaye. Ya ce ƙarya ce. Ya ce Hausa ce tsagwaronta, kuma ƙanensa Maliki ne ya faɗe ta, shi yana tsaye taku biyar daga bakin da ta fito.

Ustaz Alhasan ya amsa cikin ladabi, abin da ya ƙara ɓata wa Sodangi rai. Ya ce, “Baba Sodangi, ba mu ƙi taka ba. Amma tarihi yana son hujja. Ka kawo muna rubutu, ko layi guda, wallahi mu sa sunan marigayi bisa allo.”

A hanyar gida ya tuna da mai tabarau da akwatinsa. In littafin ya fito, to akwai hoton Maliki, akwai sunansa, akwai labarin bari. Kuma Sakina, wadda ba ta taɓa ganin fuskar ubanta ba, za ta gani. Wani tsohon direba da ya saba kai su wasa ya ce ya taɓa ganin littafin, siriri ne, mai koren bango, ba a buga da yawa ba. Iyakar abin da Sodangi ya samu ke nan ya fara nema da shi.

Karatunsa na allo ne. Baƙaƙen da aka buga da inji suna yi masa kama da tururuwa, sai ya yi ta lalube kafin ya haɗa kalma ɗaya. Saboda haka da hoto yake nema: maza sha ɗaya, sahu biyu, dogo a tsakiya riƙe da ƙwallo. Ya fara da mai littattafan da ke kusa da tashar jirgi a Hasahisa, wanda ya dube shi sama da ƙasa ya ce shi littattafan addini da na makaranta yake sayarwa, wa zai ajiye littafin wasa shekara goma sha biyu. Ya tsallaka Rufa'a ranar kasuwa, a bantun ɗin nan dai, ya tsuguna gaban masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa har suka gane shi suka riƙa cewa ga Bafallacen kura nan ya dawo, don Bafallace suke ce wa duk Bahaushe. Bayan an gama tsinkar auduga ya je Madani ya yi kwana uku yana tambaya har ya samu maɗaba'ar. Mai tabarau ya rasu. Wani tsoho mai jera baƙaƙe ya tuna da littafin, ya ce ragowar gara ta ci rabi, sauran an sayar wa mata masu gyaɗa su yi ƙunshi.

Daga nan warware takarda ta samo asali. Masu gyaɗa a kasuwannin nan galibi matan Hausawa ne, kuma suka tausaya masa. Wata bazawara mai suna Barakatu, mai zama a ƙofar kasuwar Hasahisa, ta zama kamar wakiliyarsa. Duk takardar da ta ga hoton maza da gajeren wando sai ta ajiye masa, ta kuma aika wa 'yan'uwanta a wasu garuruwa. A shekara biyar Sodangi ya tara abin mamaki: littafin dokokin ƙwallo wanda babu farko, mujallun Masar masu hoton 'yan kokawa, jadawalin gasar wasu garuruwa da bai taɓa zuwa ba, hotunan ƙungiyoyi ashirin da wani abu, duk 'ya'yan wasu. Ya zuba su a akwatin ƙarfe ya ɗora bisa duwatsu saboda gara. Mutumin da ke kauce wa ƙwallo a hanya ya wayi gari ya fi kowa littattafanta a wannan yanki. Iya ta rasu a cikin shekarun nan, ba ta ga komai ba. Allon ƙungiya kuwa tuni aka kafa shi, har fentin ya fara ɓarewa.

A damina ta 1975 Barakatu ta aiko masa cewa wani tsohon alƙalin wasa ya rasu a Kamlin, matarsa na rabar da takardunsa. Sodangi ya bar ruwa a gona ya hau motar safe. Ya tarar matar ta riga ta hura wuta da wasu. Ta jawo masa kwali ta ce ya duba, ita dai a rage mata shara. Littafin yana can ƙasa, ƙarƙashin wata tsohuwar usur da igiyarta. Koren ya koɗe ya koma ruwan toka. Ya buɗe, ya wuce shafi shida, a na bakwai ya ga Maliki.

Bai yi kuka a gidan mutane ba. Ya yi godiya, ya fito, ya zauna gindin wata bishiya a bakin hanya, a nan ya yi. Fuskar ba ta fi kan ɗan yatsa ba, amma shi ne, da kunnuwansa manya, da bakinsa a ɗan buɗe kamar zai yi magana. A gefensa ga wani gajere ya ɗora masa hannu a kafaɗa yana harare-harare. Sodangi ya daɗe kafin ya yarda cewa shi ne wannan.

Sakina na gida, an ba su hutu daga makarantar 'yan mata. Shekararta goma sha bakwai, doguwa, mai ƙarancin magana, kuma Ammi take ce masa, wato baffa, irin na Larabawa. Ta san yadda ubanta ya rasu, a kambo ba a ɓoye irin wannan, amma ba ta taɓa tayar da zancen ba. Bayan la'asar ya shimfiɗa tabarma a rumfa ya kira ta, ya buɗe shafin, ya ɗora yatsa. Ta karɓa da hannu biyu. Ta daɗe tana kallo, ta kai hannu ta shafa kunnenta ba tare da ta sani ba.

Ya ce ta karanta masa abin da ke ƙasa.

Ta fara jero sunaye daga dama. Sodangi na jin su ɗaya bayan ɗaya, ya san su duka, bakwai daga ciki shi ya bi gida gida ya aro su. Da ta zo kan dogon da ke riƙe da ƙwallo ta ce, mai tsaron gida, Abdussalami wad Hamad. Ta ɗago ta dube shi. Shekara biyar yana yawo, bai taɓa barin kansa ya yi tunanin cewa mai tabarau daga takardar kwamiti ya kwafi sunaye ba. Ba mantuwa ba ce. Ya sani, ya dai ƙi dubawa.

Ya ce ta ci gaba. A ƙasa akwai layi uku a kan ƙungiyar. Ta karanta da Larabci, sannan ta mayar masa da Hausarta mai tuntuɓe: ana kiransu Aulad Bari, wato marasa laifi, domin ba a taɓa ganin ɗayansu ya cuci wani a fili ba.

Sodangi ya yi wata irin dariya wadda ba ta da daɗin ji. Ga hujja ya samo, da ƙafarsa, da guminsa, kuma ta Ustaz Alhasan ce. Ya miƙe ya shiga ɗaki ya fito da 'yar kwalbar tawadarsa ta allo, wadda ya dafa da gawayi da ƙaro, da alƙalamin kara. Ya ce ai gyara ba wuya. Zai soke Abdussalami ya rubuta Maliki ɗan Yakubu da hannunsa, da baƙaƙen da ya iya, kowa ya gani.

Sakina ta san takardar. Irin ta jarida ce, ta tsufa, ta bushe, shan ruwa take kamar ƙasar rani. Tawadar allo kuwa don itace aka yi ta. Ta ga ya tsoma alƙalamin har wuya, ta ga ɗigon da ke rataye a bakinsa.

“Bari, Baffa,” ta ce.

Da Hausa ta faɗa, ba ta ce Ammi ba, kuma muryar ta fito da ƙarfin da bai san tana da shi ba. Ya ji. Wannan karon ma ya ji. Amma hannun ya riga ya tafi, kuma a ransa yana ganin layi ɗaya ne kawai, yanzu zai gama. Alƙalamin ya taɓa takarda, tawadar ta sauka gaba ɗaya, ta bazu. Ta cinye Abdussalami, ta haura ta cinye ƙwallon da hannayen da ke riƙe da ita. Ya sa bakin riga zai goge, sai ya ƙara jan ta sama. Kafin ya ɗauke hannu, babu fuskar Maliki. Gajeren da ke gefe kuwa ko ɗigo bai taɓa shi ba, yana nan da hannunsa a kan baƙin tabo.

Ya ajiye alƙalamin. Akuya ta shigo rumfar ta fita. Can Sakina ta zare littafin daga hannunsa a hankali, ta ɗaga shi sama don ya sha iska.

“Na gan shi, Baffa,” ta ce. “Kunnuwana nashi ne.”

Bai kai wa Ustaz Alhasan komai ba, kuma Ustaz bai tambaya ba. Allon na nan yadda yake. Sakina ta tafi da littafin makaranta, daga baya ta tafi da shi gidan mijinta. Akwatin ƙarfen ya ba Barakatu ta yi ƙunshin gyaɗa da abin da ke ciki. Amma hannunsa bai daina ba, har yau in ya ga ƙunshi sai ya roƙa a juye masa ya duba, don tsohon maɗaba'a ya ce rabi ne gara ta ci.

Hanyarsa ta dawowa daga hawasha ta bayan rumbunan dawa take bi, daidai lokacin da yara ke fili. Da ƙwallo ta tashi sama sai su ɗauka gaba ɗaya, bari, bari, yawancinsu ba su san Hausa ce ba. Duk inda kalmar ta same shi, Sodangi kan tsaya cik da fartanya a kafaɗa, ba ya ɗaga ƙafa sai ƙwallon ta sauko.